Aikin da Na Bari a Layi

Mahaifina bai taɓa yarda akwai aikin da ke yin kansa ba. Manomin gero ne, mutumin Katuru a ƙasar Shinkafi, kuma a wurinsa duk aikin da mai shi bai tsaya a kansa ba, ko dai lalacewa yake yi, ko kuma wani ne ke cin moriyarsa. Sai Allah ya ba shi 'ya wadda abincinta ke cikin aikin da ake turawa a juya baya. Ni ce wannan 'yar. Ina koyarwa a Kaura Namoda, bincikena kuma a kan gonaki ne. Ina amfani da hotunan tauraron ɗan Adam in gano inda aka noma da inda aka bari, daga nan Kaura har Zurmi da Shinkafi. Mun daɗe muna musu da shi a kan irin wannan aiki, musun raha, har shekarar da abin ya tashi daga raha.

Damina ɗaya kafin wannan shekarar, yayana, wanda direba ne, ya je ya kwaso Baba da Inna ya kawo su gidansa a Kaura, don 'yan bindiga sun hana noma a ɓangaren da gonakinmu suke. Baba bai zo da son ransa ba. Da faɗa ya shiga mota, da faɗa ya fito. Ya raina ruwan garin, ya raina geron kasuwa, ya ce furar Kaura ba ta riƙe ciki. Ni kaɗai yake ɗaga wa ƙafa, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Kullum in na tashi daga aiki nakan biya in gaishe su kafin in wuce gidana.

Wata rana da la'asar, damina ta yi nisa, na same shi zaune a kan buzu, abincinsa a rufe bai taɓa ba.

"Uwata, an nome min gona."

"Wa yac ce, Baba?"

"Wani mutumin Shinkahi, a tasha. Ya ce hatsi na tsaye cikinta, ya hi mutum tsawo."

"Shi ya gani da idonai?"

"Hwaɗa mai anka yi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tahiya za ni in gani."

Wanda bai san manomi ba zai ce ai gona ba ta gudu. Amma a lissafin Baba, in ka bari wani ya noma gonarka ya girbe ba ka ce uffan ba, gobe in an zo gaban manya za a tambaye ka ina kake lokacin da yake yanka. Dole ne a tarar da wanda ya noma ta tun amfaninsa na tsaye, a gaban shaidu, a ji ko aro ya ɗauka ko kuwa wata manufa gare shi. In an ɗaure dammuna an kai rumbu, magana ta mutu. Gonar nan kuwa a cikinta Baba ya buɗe ido ya ga ubansa, ba shi da wani abin da zai nuna a duniya ya ce nasa ne wanda ya kai ta.

Matsalar ita ce hanya. Duk ɗan yankin nan ya san yadda hanyar Kaura zuwa Shinkafi take a lokacin. Yaya da kansa, da ya yi shekaru yana bin ta, ya haƙura ya koma ɗaukar fasinjan Gusau. Mun san waɗanda suka bi ta suka dawo lafiya, mun san waɗanda sai da aka sayar da shanu aka karɓo su, mun kuma san waɗanda har yau shiru. Ga shi daga bakin titi zuwa gonar akwai tafiyar ƙafa cikin daji. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ba ya iya gudu kuma ba ya iya riƙe bakinsa, shi ne zai kama wannan hanya.

Yaya ya yi faɗa, Inna ta yi kuka, duk a banza. Ni na san shi, don halinmu ɗaya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ka ce masa kada, ka miƙa masa takalmi ne. Sai na ce masa ya zauna, ni zan nuna masa gonarsa daga nan inda yake. Na ciro kwamfutata daga jaka, na buɗe masa hoton yankin Katuru na wannan satin. Ya matso da fuska, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Wagga ai miyar kuka ta."

Gaskiyarsa ce. Daga can sama, gero kore ne, ciyawa ma kore ce, hoto ɗaya ba ya raba su. Abin da ke raba su shi ne yadda ƙasa ta riƙa canja launi tun daga farkon damina. Gonar da aka bari, ruwan farko na sauka ciyawa ke rufe ta. Wadda aka share aka shuka kuwa takan daɗe tana fari-fari, in an yi noman farko ta ƙara haske, sai daga baya ta yi duhu gaba ɗaya. Kafin a ga wannan, sai an tattaro duk hotunan da aka ɗauka tun bazara, na bana da na shekarun baya, an cire waɗanda gajimare ya rufe, sannan a koya wa na'ura da gonakin da aka tabbatar da halinsu. Irin waɗannan ina da su, na taka su da ƙafata a kewayen Kaura da Ɗan Isa. Kuma ba a yi wa gona ɗaya, sai na'urar ta ga gonaki masu yawa kafin a yarda da shaidarta a kan guda.

Na yi masa wannan bayani ina jiran ya katse ni. Da na zo kan maganar fari-farin nan sai na ga ya gyaɗa kai, karo na farko tun da na fara wannan sana'a.

"To, na ba ki har a hwara yankan hatsi. In an hwara ban gani ba, kada wanda ya tare ni. Zuwa da kai ya hi aike."

Na fito daga gidan da tsoro biyu. Na farko, kada aikin ya ƙi ƙarewa a kan lokaci. Na biyu ya fi nauyi: ya ƙare, ya ce lallai an noma gonar. Da hannuna ke nan na buɗe masa ƙofa. Yaya ya raka ni bakin titi yana cewa, "Malama, ki dai shahwa ma taswirar kala ki ce ba a noma ba, wa zai sani?" Na ce masa ba zan yi ba. Baba ba a yi masa ƙarya, ido ɗaya zai yi maka ka tona kanka. Ban da haka ma, in na fara shafa wa aikina launin da nake so, gara in rufe shago in koma sayar da ƙuli-ƙuli.

Da kwamfutata na fara. Lissafin irin mai cin kwanaki ne, wutar unguwarmu kuwa baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Sau biyu batir na mutuwa aiki na tsakiya, ina komawa farko. Gidan Yaya akwai sola, don haka na kai ta can, na jona ta a ɗakin Inna a kan tebur, na kunna aikin na bar ta a buɗe. Ya yi kwanaki yana tafiya lafiya. Rannan na shigo na tarar da ita a rufe ruf, an lulluɓe ta da wankakken zane, har an ɗora faifai a kai.

"Inna, wa yar ruhe kwamhuta?"

"Ni ta. Na ji ta tana ta nishi, jikinta zahi awa mai masassara, ga shi ba kowa kusa. Nic ce bari baiwar Allah ta huta."

Ba a yi wa uwa tsawa. Na fita bayan gida wurin awaki, na faɗa musu abin da ke bakina, na dawo na ce mata ba komai. Baba kuwa abin nema ya samu. Ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa jin aikin da zane ke kashewa ba sai nawa.

Wannan zanen ne ya kore ni zuwa babbar na'ura. Akwai wata jami'a mai nisa da nake bincike tare da mutanenta, suna da ɗaki guda cike da kwamfutoci a haɗe, masu bincike daga wurare daban-daban na aika musu aiki. Ina da izinin shiga tun tuni, amma ban cika amfani da shi ba saboda halin sabis ɗinmu. In ka shiga daga nan ka kunna aiki kana kallonsa, to ransa a ɗaure yake da layinka, sabis na yankewa shi ma ya mutu. Amma akwai hanya ta biyu. Sai ka rubuta duk umarninka daga farko har ƙarshe, ka faɗi yawan ƙarfi da lokacin da kake buƙata, ka miƙa shi ya shiga layin jira. In an zo kanka, na'urar ta ɗauka ta yi ta yi a bayan fage, ko kana nan ko ba ka nan, ko kwamfutarka na kunne ko tana ƙarƙashin faifai.

A baki abin da sauƙi. Wahalar ita ce aikin da za ka bari shi kaɗai ba shi da wanda zai tambaya. Duk wata matsala da za ta iya tasowa, sai ka hango ta tun yanzu ka rubuta masa yadda zai yi da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na zauna na yanka yankin namu gunduwa-gunduwa, na ce duk gunduwar da ya gama ya adana ta ya sa mata alama. In wani abu ya kashe shi ya tashi, ya duba alamomin nan ya ci gaba daga inda ya tsaya, kada ya koma farko. In ya haɗu da lalataccen hoto, kada ya tsaya yana jimami, ya rubuta sunansa a gefe ya wuce. In lokacin da aka ba shi ya kusa cika bai gama ba, ya sake sa kansa a layi kafin a tsayar da shi. Gunduwar Katuru kuma na sa ta a sahun gaba. Wannan son kai ne na 'ya, ban kuma ji kunyarsa ba.

Daga nan na shiga gwada shi da ɗan ƙaramin yanki. In kunna, in bari ya yi nisa, in kashe shi da gangan, in zuba ido in ga ko zai tashi. Na ɓata masa hoto da hannuna in ga ko zai tsallake. Na cika masa ma'aji in ga me zai ce. Duk inda ya faɗi sai in gyara, in sake tura shi. A duk abin da na koya a makaranta, ba abin da na fi alfahari da shi kamar wannan taurin kan, kuma ba a makaranta na samo shi ba, a gida na gada.

Ina da niyyar ƙara 'yan kwanaki ina gwaji, sai labari ya cika gari cewa za a katse layukan waya a jihar gaba ɗaya, a cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga. Ba wanda ya san ranar dawowarsu. Kowa ya rarumi waya yana kiran 'yan uwa na nesa, layi ya cunkushe, saƙo ɗaya sai ya yi ta juyawa kafin ya tafi. Na yi sallar la'asar a ofis, na ɗora wayata a bakin taga inda sabis ya fi kamawa, na jona kwamfuta da ita. Na karanta umarnin nan daga sama har ƙasa sau ɗaya, na yi bisimilla, na tura. Bayan jira mai tsawo amsa ta dawo: an karɓa, yana jira a layi, akwai ayyukan wasu a gabansa. Na yi ta leƙawa har na tashi, bai motsa ba. Washegari na duba wayata, babu sandar sabis ko ɗaya. Ko fara tafiyarsa ban gani ba.

Waɗannan makonni ban ga irinsu ba. Gari ya koma kamar zamanin kakanninmu. In kana da saƙo sai ka je tasha ka nemi direba, in an yi haihuwa ko rasuwa a wani gari sai labarin ya tsufa kafin ya iso. Ni kuma ina koyarwa, ina girki, ina gaishe da mutane, amma rabin hankalina na can cikin wani ɗaki mai sanyi da ban taɓa shiga ba. Ina cikin wanke shinkafa sai in tuna wani layi na umarnin, in tambayi kaina ko na rufe alamar baka da na buɗe a rubutun. Harafi ɗaya ya isa. In akwai kuskure a farkonsa, to tun ranar farko ya mutu, ni kuwa ina nan ina jiran gawa.

Baba bai taimaka ba. Kullum na shigo, kafin in gama durƙusawa ya jefo tambayar.

"Uwata, aikin naki hwa?"

"Shina tahiya, Baba."

"Kin gani?"

"Ban gani ba."

"To ƙaƙa kis sani?"

Rannan haushi ya kama ni, na ce bari in kama shi da nasa. Baba gwanin binne ne, wato shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar iri ya jira.

"Baba, kai da kas saba binne? Ka zuba iri ka koma gida, ba ka ganin abin da ƙasa ka yi da shi."

"Ni ina komawa in duba ko zabi sun tone. Ke ina kika komawa?"

Na tashi na shiga wurin Inna, ina ji yana dariyarsa ta mai nasara.

Sai ga shi wata safiya an wuce ta ƙofar gidan da jaki ɗauke da dammunan sabon gero, daga wajen Ɗan Isa. Baba na zaune ya bi jakin da kallo har ya sha kwana. Da na zo da yamma na tarar Inna ta wanke masa rigar tafiya tana shanya, idonta jajir. Baba bai yi dogon zance ba.

"An hwara."

"Na gani, Baba. Ka bari in tai in ɗauko aikin in dawo."

"Ina za ki?"

"Inda sabis yake. Sai an hita jihar."

Ya ɗago ya dube ni, ransa a ɓace. "Don ki hana ni hanya za ki kama hanya?"

"Hanyar Gusau ba ta Shinkahi ba ta. Kuma kai kac ce zuwa da kai ya hi aike."

Daga ƙarshe ya ce zai jira dawowata, amma in na dawo hannu biyu, kada in ƙara buɗe masa baki a kan wannan magana. Na ce na yarda.

Maigidana ya amince tun da Yaya ne zai ja motar. Muka fita da safe tare da fasinjoji, yawancinsu sabis ɗin suke nema kamar ni, wasu ma an haɗa su da wayoyin maƙwabta a cikin leda. Muka wuce Gusau, muka wuce Tsafe, shingen bincike bayan shinge. Muna shiga ƙasar Katsina da ɗan nisa sai wayoyin motar suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, saƙonnin makonni na shigowa a lokaci guda. Yaya ya gangara gefen titi inda motoci suka riga suka yi jeri. Wurin ya zama kasuwa. Mutane ne a gindin kowace bishiya, kowa waya a kunne, ga masu awara da masu rake sun samu ciniki.

Na zauna a kujerar baya, ƙofa a buɗe, kwamfuta a cinya. Na shiga babbar na'urar, na duba layin jira. Babu aikina a ciki. Gabana ya faɗi, don aiki ba ya fita daga layi sai ta ƙofa biyu, ko ya gama ko ya mutu. Na buɗe rahoton da na ce ya riƙa rubutawa, na gangara can ƙarshe. Kalmar da na sa masa ya rubuta in ya kammala, ga ta nan zaune.

Sai da na nutsu sannan na koma sama na bi labarinsa. Ya samu shiga bayan an katse mu da kwana ɗaya ko biyu. Ya haɗu da lalatattun hotuna, ya ajiye su gefe ya wuce. Lokacinsa ya cika, ya sake shiga layi da kansa. Sannan yana tsakiyar ƙasar Zurmi aka kashe na'urar gaba ɗaya don gyara. Da aka kunna ta, ya tashi, ya duba alamominsa, ya ɗora daga gunduwar da ya tsaya a kai. Duk wannan ya faru ina Kaura ina wanke shinkafa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba.

"Malama, lahiya?" in ji Yaya.

"Ya hwaɗi ya tashi, Yaya. Shi kaɗai. Ba wanda ya kama mai."

"To rage murya, akwai masu karɓar gaisuwa nan kusa."

Na duba, wata mata ce a gindin darbejiya, yanzu take jin rasuwar da aka yi tun makonni. Na kama bakina. Amma a cikin raina ina ji kamar in tare kowa in nuna masa. Ni na rubuta abin nan, a ofishin da fankarsa ba ta juyawa, da waya a bakin taga, kuma ya tsaya da ƙafarsa.

Murnar ba ta daɗe ba, don saura babbar tambaya. Na fara sauke gunduwar Katuru, tana shigowa a hankali kamar ɗigon rufin ɗaki. Launi biyu na zaɓa wa taswirar: rawaya ga inda aka noma, toka ga inda aka bari. Kafin in buɗe na tambayi kaina me zan yi in na ga rawaya, ban samu amsa ba, har yau ma ban da ita. Na yi addu'a na buɗe. Na bi koramar da ke kusa da gonakinmu har inda ta lanƙwasa, na haura burtali. Gonar Baba toka ce daga iyaka zuwa iyaka, bana da bara. Na sauke numfashi. Sannan na ja taswirar baya kaɗan don in ga kewayenta, sai murna ta koma ciki.

Yamma ta yi mana, muka kwana a Gusau wurin 'yan uwa, da hantsi muka shiga Kaura. Baba na kan buzunsa a inuwar zaure, sanye da rigar tafiya. Ko ruwa ban sha ba na durƙusa na ajiye kwamfutar a gabansa. Na ce masa rawaya noma, toka bari. Na kuma gaya masa gaskiya cewa na'urar kan yi kuskure a kan ƙananan gonaki da bakin iyaka, amma ba a kan babba irin tasa ba. Ban nuna masa inda take ba, na bar shi ya nema.

Ya fara da kewayen Kaura, inda rawaya ta yi yawa, ya tambayi wasu gonaki da ya gani da idonsa a bayan gari, ya ga sun fito daidai. Sannan na kai shi Katuru. Ya ɗora yatsa a kan korama, ya bi ta a hankali, bakinsa na motsi. Da ya zo lanƙwasar sai yatsan ya haura da kansa, ya tsaya.

"Ga ta."

"Ita ta, Baba."

"Ba a taɓa ta ba."

"Ba a taɓa ta ba. Bana da bara."

Inna na tsaye a bakin ƙofa, na ji ta ce alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa. Baba bai ɗago ba. Yatsansa ya matsa gabas, kan gonar maƙwabcinsa da suka yi shekaru suna rigimar iyaka, ita ma toka. Ya matsa arewa, kan ta abokinsa na ƙuruciya, toka. Ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana kiran masu su, ta wane, ta wane, ta 'ya'yan wane, duk waɗanda na taso ina kai musu fura a gayya. Ya ce in ƙara ja baya, na ja. Wannan ɓangaren gaba ɗaya, daga korama har inda daji ya fara, babu ɗigon rawaya. Ya zo ne da shirin kama wanda ya ci masa gona, sai ya tarar babu ma mai ci.

Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. 

"Ba ni zuwa, Uwata," in ji shi. "In na tai, wa zan yi ma sallama?"

An yaba wa aikin nan daga baya a wuraren da ake yabon irinsa, na kuma ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa jin na isa ba kamar yadda na ji a zauren nan, kuma ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba. Sai na bar shi da taswirar na shiga ciki na yi kukana inda ba zai gani ba.

Washegari ban jira yamma ba, na biya ta gidan tun da safe kafin in wuce aiki. Tun daga kan kwana nake leƙen ƙofar, ina tsoron halin da zan tarar da Baba a ciki. Yana nan zaune, yana faɗa da mai kayan miya a kan tumatir.